Littafin awon jikina: mako goma sha biyu tsakanin sikeli da tef

Litinin, 1 ga Satumba

Yau na buɗe wannan littafi. Shekarata 41, tsawona santimita 172, da safiyar nan kuma sikeli ya nuna kilo 84.6. Sau biyu a baya na taɓa ɗaura ɗamarar rage ƙiba, kuma duka biyun abu ɗaya ne ya karya mini gwiwa: in shafe wata guda ina wahala, in hau sikeli in tarar lambar tana nan inda take, sai in ce aikin banza nake yi, in watsar. Wannan karon ba zan bar wa sikeli shi kaɗai alƙalanci ba, domin shi jimilla kawai yake bayarwa. Ƙashi, tsoka, kitse, ruwa da abincin da ke cikin hanji duk a haɗe yake auna su, ba ya ware kowa.

Ga abin da na auna yau kafin in sa komai a baki. Ƙugu santimita 99, ƙirji 103, damtse 33, cinya 57. Firesof, wato kifewa a ƙasa ina ɗaga jiki da hannuwa, guda 7 na iya kafin hannuwana su ƙi. Tsuguna-tashi rungume da ƙarfe mai kilo 10, sau 12. Bugun zuciya ina kwance, 78 a minti ɗaya. Na sa matata ta ɗauke ni hoto ta gaba da ta gefe a jikin bango, da gajeren wando, kuma nan zan riƙa tsayawa duk ƙarshen wata.

Tsarin: ɗaga ƙarfe Litinin, Laraba da Juma'a, tafiya da sauri ta minti talatin a sauran kwanaki, Lahadi hutu. Na ɗora shi ne a kan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, wadda ta ce babban mutum ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Sikeli zan hau kullum da safe, amma matsakaicin kwana bakwai kaɗai zan ɗauka da muhimmanci. Tef kuwa ranar Litinin.

Abin da na kashe wa kuɗi zuwa yanzu: tef irin na masu ɗinki, wannan littafi, da rajistar wata ɗaya a gidan motsa jiki. Rajistar ce ta ci kusan duka.

Alhamis, 4 ga Satumba

Cinyoyina sun yi tsami sosai, sai na dafa bango nake sauka daga bene. An ce irin wannan tsamin yakan kai ƙololuwa tsakanin kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin da jiki bai saba ba. Na yi tafiyata a hankali.

Litinin, 8 ga Satumba

Matsakaicin mako: 85.2. Na ƙaru. Na daɗe a tsaye a kan sikelin ina kallon lambar, raina a jagule, don wallahi ban yi wasa da abinci ba a makon nan. Da a ce shekarun baya ne, yau zan fara neman dalilin dainawa.

Na zauna na bi lissafin a tsanake. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bayarwa) wajen 7,700, saboda haka kafin rabin kilon nan ya zama kitse sai na ci rarar kusan kalori 4,000 a kan bukatata cikin mako guda, alhali rage ci na yi. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne ruwa. Tsoka tana ajiye sukari a wani siffa da ake kira gilaikojin, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe da ruwa kimanin giram uku. Babban mutum kan ajiye wajen giram 400 zuwa 500 tsakanin tsoka da hanta. Ga kuma kumburin da ke biyo bayan aikin da ba a saba ba, shi ma ruwa yake tarawa. Ƙugu 99, bai motsa ba. Zan ci gaba.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na yi kwana ukun ƙarfe duka. Tafiya biyu kawai, ta Alhamis ta kuɓuce mini.

Litinin, 15 ga Satumba

Tef ya ba ni 96.5, har na fara murna, sai na ji shakka. Santimita biyu da rabi a mako ɗaya ya yi yawa. Na sake aunawa a gaban madubi, ashe na ɗaga tef ɗin sama, kuma na ɗan shanye ciki ban sani ba. Daga yau wuri ɗaya zan riƙa aunawa: tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan na fitar da numfashi kamar yadda na saba, tef ya kwanta a fata ba tare da ya nutse ba. Sau uku zan auna in ɗauki na tsakiya. Da na yi haka, 98.5 ne. Nauyi 84.9.

Litinin, 22 ga Satumba

Firesof ya tashi daga 7 zuwa 13 cikin mako uku. Mai horar da mu ya gani, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, kar sikeli ya dame ka, kitsenka ne yake komawa tsoka, ita kuwa tsoka ta fi kitse nauyi." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, na kuma ji daɗi, amma ba na son in gina aikin nan a kan maganar da za ta ruɗe ni nan gaba.

Kitse ba ya komawa tsoka, tsoka ma ba ta komawa kitse idan an daina motsa jiki. Nama ne iri biyu dabam, kowanne da ƙwayoyinsa; ɗaya na iya raguwa a lokacin da ɗayan ke ƙaruwa, shi ke nan. Batun nauyi kuwa, kilo ɗaya ai kilo ɗaya ne. Abin da ake nufi shi ne tsoka ta fi matsewa: lita ɗaya tata tana kai kilo 1.06, ta kitse kuma wajen 0.9. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, nesa da hotunan nan da ake yawo da su ana nuna tulin kitse kusa da 'yar mitsitsiyar tsoka.

Sannan ƙarfin da na samu a makonnin nan, mafi yawansa ba sabuwar tsoka ba ce. A farkon horo ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke koyon yadda za su tara tsokar da ke akwai ta yi aiki tare a lokaci ɗaya. Girman tsoka na gaske daga baya yake zuwa, kuma a hankali. Damtsena har yanzu 33 yake, shi ne shaida. Na rubuta wannan ne domin ranar da zuciyata za ta so ta fake da "ai tsoka ce" alhali ci na yi fiye da ƙima.

Litinin, 29 ga Satumba

Wata ɗaya. Nauyi 84.4, ƙugu 97.5, bugun zuciya 75. Hoton bai nuna mini wani bambanci ba, matata kuwa ta ce, "Maigida, dubi gefen cikin mana, ya ɗan faɗa." Na biya rajistar wata na biyu. Na kuma sayi sikelin nan mai faɗin kason kitsen jiki, wanda kuɗinsa ya haura rajistar wata.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Sabon sikelin ya ba ni kunya. Jiya da asuba ya ce kitsena kashi 28.1 cikin ɗari ne. Da yamma bayan na dawo daga tafiya ya ce 25.9. Yau da safe kuma 27.6. Babu ɗan Adam ɗin da zai zubar da kusan kilo biyu na kitse tsakanin safe da yamma, ya kuma dawo da shi kafin gari ya waye.

Yadda yake aiki shi ne yana tura 'yar ƙaramar wutar lantarki ta tafin ƙafa ɗaya ta fito ta ɗayan, ya auna yadda jiki ya tare ta. Tsoka tana da ruwa da yawa, wuta na ratsa ta cikin sauƙi. Kitse ba shi da ruwa sosai, yana tarewa. Daga nan sai ya haɗa da shekaru da tsawo da jinsin da aka shigar masa ya yi kirdado. Ke nan ruwan jiki yake bi, shi ya sa ƙishirwa, gumi, cin abinci, har danshin tafin ƙafa duk suna juya lambar. Irin wanda ake takawa kawai ma ƙafafu da ƙasan ciki wutar ta fi bi.

Akwai awon asibiti da ake kira DEXA, wanda ke amfani da hasken hoton ƙashi mai rauni ya ware ƙashi da kitse da sauran nama, gaɓa-gaɓa. Ya fi wannan inganci nesa ba kusa ba, amma ban ga dalilin kashe masa kuɗi a wannan matakin ba. Da na san haka tun farko da ban sayi wannan ba. Tunda an riga an saya, zan riƙa rubuta lambarsa ranar Litinin da asuba kawai, in duba inda ta dosa bayan watanni.

Litinin, 6 ga Oktoba

84.3. Ƙugu 97. Haƙurina ya fara ƙarewa. Mako biyar, giram ɗari uku kacal. Na yanke shawarar rage abinci sosai na mako biyu in gani.

Litinin, 13 ga Oktoba

83.1. Yunwa, da saurin fushi. Aiki ya yi yawa a ofis, barcina bai wuce awa biyar ba kusan kullum.

Litinin, 20 ga Oktoba

81.9. Kilo 2.4 cikin kwana goma sha huɗu, lambar da na shekara ina mafarkin gani. Amma sauran shafin littafin wani labari yake bayarwa. Ƙugu 96, santimita ɗaya kawai ya tafi. Damtse ya sauka zuwa 32.5, cinya daga 57 zuwa 56. Firesof ɗin da ya kai 16 ya dawo 11. Ƙarfen da nake tsuguna-tashi da shi sau 12 cikin sauƙi, yau a na takwas na ji jiri ya ɗebe ni, sai da na zauna a benci na dafe kai. Bugun zuciya ya koma 79, ya ma wuce na ranar farko.

Abin da na yi a makonni biyun: na yanke abincin safe gaba ɗaya, na raba na rana biyu, kuma abin da ya fi tafiya a cikin ragin shi ne furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, don ban ma kula da shi ba. Idan duk kilo 2.4 ɗin kitse ne, da ƙugu ya nuna. Wani kaso ruwa ne da gilaikojin, wani kitse, wani kuma ina kyautata zaton tsokar da na sha wuya a kanta ce.

Rashin barcin ma ba ƙaramin abu ba ne. A 2010 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka sun sa mutum goma masu ƙiba a kan ragin abinci iri ɗaya, sau ɗaya da damar barcin awa takwas da rabi, sau ɗaya da awa biyar da rabi, kowanne na mako biyu. Nauyin da suka rasa kusan ɗaya ne a duka biyun. Amma a lokacin gajeren barci, kitsen da ya tafi ya ragu da fiye da rabi, abin da ya tafi daga naman da ba kitse ba kuma ya ƙaru. Mutum goma ba su da yawa, amma abin ya yi kama da shafina na yau har ya tsorata ni. Da sikeli kaɗai nake bi, da yau biki zan yi, in kuma ƙara mako biyu a kan wannan hanya.

Laraba, 22 ga Oktoba

Na ji wa kaina ciwo. Ina tura ƙarfe sama da kai, na nace sai na ɗaga nauyin da nake ɗagawa kafin in rage abinci, don ba na son in yarda ƙarfina ya ragu. A ɗagawa ta shida hannun dama ya karkace, na ji wani abu ya soke ni a gaban kafaɗa kamar allura. Na ajiye ƙarfen. Da dare ko riga ban iya cirewa ta kai ba sai da aka taimaka mini.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Na ga likitan ƙashi da gaɓoɓi. Ta sa na ɗaga hannu gaba, gefe, da baya, ta danna wurare tana tambaya. Ta ce jijiyar kafaɗa ce ta ji jiki, ba ta ga alamar yagewa ba. Mako uku babu ɗaga komai sama da kai, babu firesof. Ta ba ni motsi huɗu da zan riƙa yi da igiyar roba kullum. Da na ba ta labarin makonni biyun nan, ta dube ni ta ce, "Malam, jikin da ba ka ciyar ba, ba ka kuma bari ya yi barci ba, shi ka ɗora wa kaya." Ban ce komai ba, gaskiya ta faɗa.

Kuɗin ganin likita da igiyar roba ba sa cikin lissafina na farko. Na dakatar da sayen takalmin tafiya da na yi niyya zuwa wata mai zuwa.

Litinin, 27 ga Oktoba

Sabon tsari. Abincin safe ya dawo. Ragin zai zama kaɗan, yadda nauyi ba zai sauka fiye da rabin kilo a mako ba. Furotin: mafi ƙarancin abin da ake ba babban mutum shawara shi ne giram 0.8 ga kowane kilo na jikinsa a rana, amma wani babban nazari na 2018 da ya tattara gwaje-gwaje 49 ya nuna masu ɗaga ƙarfe suna ci gaba da amfana har zuwa wajen giram 1.6. A wurina wannan ya kama giram 130 a rana, a raba shi gida uku. Na tambayi likita tun ranar Juma'a, tunda ba ni da ciwon ƙoda ta ce babu laifi. Waya za ta bar ɗaki ƙarfe goma na dare. A gidan motsa jiki kuwa ƙafafu da baya kaɗai, da abin da ba ya taɓa kafaɗa.

Litinin, 3 ga Nuwamba

83.0. Kilo ɗaya ya dawo cikin mako guda, ƙugu kuma yana nan a 96. Wannan karon ban damu ba, na san ruwan da ya tafi ne ya komo. Jiri ya daina.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ƙanena ya zo ya ga tef da littafi a kan tebur. Shi siriri ne tun yana yaro, bai taɓa tunanin ƙiba ba. Ya ce, "Yaya, auna ni mu gani." Tsawonsa 175, nauyi 69, ƙugu 90. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru.

A ma'aunin BMI, wato a raba nauyi da tsawo sau tsawo a mita, shi yana 22.5, tsakiyar lafiya. Ni na fara da 28.6, cikin rukunin 25 zuwa 29.9 na masu nauyin da ya wuce ƙima. Amma akwai wani awo mai sauƙi da NICE, hukumar da ke fitar da shawarwarin kiwon lafiya a Birtaniya, ta ba da shawararsa a 2022: ƙugun mutum kada ya kai rabin tsawonsa. Rabin tsawon ƙanena 87.5 ne, ya wuce da biyu da rabi. Hannuwansa da ƙafafunsa sirara, duk abin da ya tara a ciki yake.

Ba na raina BMI. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da shi a shekarun 1830 don nazarin jama'a da yawa, wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, kuma ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi a 1972. Wajen auna al'umma yana da amfani. Sai dai bai san inda kitse ya zauna ba, kuma wurin zaman shi ne magana. Kitsen da ke ƙarƙashin fata, wanda ake iya damƙa da hannu, bai kai haɗarin wanda ke can ciki kewaye da hanji da hanta ba, wanda ake dangantawa da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Na roƙe shi ya fara tafiya tare da ni, ya kuma je a duba masa sukari. Ya ce zai zo ranar Talata.

Talata, 11 ga Nuwamba

Ya zo. Minti talatin da biyar.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Likita ta sake duba kafaɗar. Ta yarda in fara firesof a jikin bango, daga nan a kan benci, ƙasa sai mako mai zuwa. Ɗagawa sama da kai tukuna.

Litinin, 17 ga Nuwamba

82.8, ƙugu 95. Wani abokin horo ya kawo mini shawarar in ɗaura bel ɗin roba mai sa gumi a ciki, wai yana narkar da tumbi. Na yi masa godiya na ce a'a. Gumi ruwa ne, da an sha ruwa ya dawo. Kitsen da aka ƙona, mafi yawansa ta huhu yake fita: wani lissafi da aka buga a mujallar likitoci ta BMJ a 2014 ya nuna a cikin kilo 10 na kitse, 8.4 na fita ne a iskar da muke fitarwa wajen numfashi, saura 1.6 ya zama ruwa. Kuma jiki ba ya ɗebo kitse daga wurin da aka matsa wa, daga ko'ina yake ɗiba bisa tsarinsa. Nawa ya fara ne daga fuska da wuya, ciki ya biyo baya a makare.

Na huda sabon rami a bel ɗin wandona yau.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Mako goma sha biyu cif. Nauyi 82.6, kilo biyu ke nan ƙasa da ranar farko. Ƙugu 94, daga 99. Ƙirji 102, damtse 33.5, cinya 57.5. Firesof 15, da kafaɗar da ke murmurewa. Tsuguna-tashi yanzu da kilo 22 nake yi, sau 12. Bugun zuciya 69. Bene mai hawa uku na wurin aiki, wanda a da nake tsayawa a na biyu ina haki, yanzu ina hawansa ina magana a waya. Na jera hoton farko da na yau, ta gaba bambancin kaɗan ne, ta gefe kuwa ko ba a faɗa ba an gani.

BMI ya sauka daga 28.6 zuwa 27.9 kawai, rukunina bai canja ba. Ƙugun kuwa ya baro kusa da 102, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa haɗarin namiji ya yi tsanani, ya sauko daidai 94, inda take cewa haɗarin ke fara hawa. Rabin tsawona 86 ne, saura santimita takwas. Tafiyar da nisa.

Mataki na gaba mako goma sha biyu ne kuma. Burina ƙugu ya kai 90 ba tare da damtse ko cinya sun ragu ba. Idan lambobin ƙarfi suka faɗi mako biyu a jere, zan ƙara abinci ko da sikeli na nuna abin da nake so. Hawa sikeli zai koma sau uku a mako. Kuɗin da ke gabana: rajistar wata, takalmin da na ɗage, da komawa wurin likita ranar 5 ga Disamba don jin ko zan fara ɗaga ƙarfe sama da kai. Ƙanena ya sayi nasa tef ɗin, ranar Litinin in sha Allah za mu buɗe masa shafi a bayan littafin nan.